Ajiye Shafinka a Ɗakinka: Shawarar da Ba Ta San Dambatta Ba

Akwai shawarar da ta cika bidiyoyin YouTube, mai daɗin ji kuwa: ka sayi 'yar kwamfutar Raspberry Pi, ka jona ta a gida ta zama uwar garken shafinka na intanet, ka huta da biyan kamfani kuɗin haya. Masu wannan ra'ayi na yawan kafa hujja da mujallar Low-tech Magazine, wadda tun 2018 take gudanar da shafinta daga wani gida a Basalona da hasken rana. In gajimare ya daɗe, shafin ya ɗauke, rana ta fito ya dawo.

To, rana dai ba mu rasa ta ba a Dambatta ko Bichi ko Kunchi. Shi ya sa ba na ganin wuta ce babbar matsalar, duk da duhun da Arewa ta sha kwana da kwanaki a Oktoban 2024. Pi ba ta cin fiye da wat goma a aiki irin wannan, ƙaramin faifan sola da batir sun ishe ta. Ƙurar hunturu da zafin Afrilu ma ana iya lallaɓa su.

Inda shawarar ta karye shi ne adireshi. Kafin baƙo ya buɗe shafinka, dole kwamfutarka ta mallaki lambar IP da za a same ta da ita daga waje. Tsohon tsarin IPv4 lambobi kusan biliyan 4.3 kacal gare shi, sun kuma yi kaɗan, don haka kamfanonin waya ke cusa ɗaruruwan masu layi a bayan lamba guda, dabarar da ake kira CGNAT. Kai kana iya fita, amma mai nemanka daga waje ba zai gano ƙofarka ba. Mutumin Basalona waya ce aka ja masa har cikin gida. Ɗan ƙauyenmu kuwa layin waya ne kawai hanyarsa. Ana iya kewaye wannan da Cloudflare Tunnel, amma fa ka sake komawa hannun kamfani, 'yancin da aka yi maka alkawari ya ragu. Ga kuma abin da ba su faɗa: duk wanda ya buɗe shafin, daga datarka ake zara.

Ba wai hayar ba ta da nata ciwon ba. Wanda ke biya da dala ya gani tun da aka saki naira a Yunin 2023, ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024. Sai dai shafin rubutu da 'yan hotuna, irin na ƙungiyar manoma mai sanar da farashin gero da gyaɗa, GitHub Pages na ɗaukar sa kyauta. Abin da ya kamata a kashe wa kuɗi shi ne suna mai ƙarewa da .ng, wanda ake biya da naira wurin dillalan da NiRA ta amince da su, don ko ka sauya masauki sunan na biye da kai.

Uwar garken gida tana da wurinta, sai dai ba inda bidiyoyin suka nuna ba. A ɗora Kiwix a kan Pi da Wikipedia ta Hausa, a ajiye a ofishin makarantar ƙauye, ɗalibai su jona ta WiFi daga tsakar fili. Nan ba a buƙatar lambar waje, ba kuma a taɓa datar kowa.