Amanar Baki: Aikin Tafinta a Zongon Lome

Da wuya a ƙulla cinikin da ya amsa sunansa a Zongon Lome ba tare da wani na uku ya sa baki ba. Mai kaya ya taso daga Maraɗi ko Dosso, ko daga Kano ta Kwatano, Hausa ko Zabarmanci ke bakinsa. Mai saye ɗan gari ne, Mina yake ji, harshen da ya riƙe kasuwannin Lome. Takardar da za ta fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa kuwa da Faransanci aka rubuta ta, don shi ne harshen hukuma a Togo. Ewe da Kabiye su gwamnati ta ɗaga a 1975 ta kira su harsunan ƙasa. Hausa ba ta samu wannan kujera ba, amma a Zongo ita ce mahaɗar Bakotokoli daga Sokode da Bacokosi daga Mango, da Bafulatani da Bazabarme da Bayarabe.

Saboda haka fassara a nan aikin kullum ce, sai dai ba ta da suna. Ba za ka ji wanda ya ce sana'arsa tafinta ba. Dillali ne, ko yaron mota, ko ladan, ko yarinya 'yar makaranta da uwarta ta riƙo wa hannu. Abin da nake gani shi ne, ingancin fassara a Zongo bai rataya ga ƙwarewar mai yin ta kaɗai ba. Ya fi rataya ga ko akwai wanda zai kama shi idan ya karkace. Inda akwai mai kamawa, aikin na tafiya da kyau ƙwarai. Inda babu, mutane na cutuwa ba tare da sun san ta ina aka cuce su ba.

Al'amarin ba na yau ba ne. Jamusawa sun kafa mulkinsu a gaɓar Togo a 1884, suka mai da Lome hedkwata a 1897, kuma ba su jima ba suka gane cewa mai son sanin abin da ke gudana a hanyar fataken goro sai ya bi ta Hausa. Wani jami'insu, Adam Mischlich, wanda ya riƙe Kete-Krachi (yau tana Ghana, a lokacin tana cikin Togon Jamus), ya fitar da ƙamus na Hausa da Jamusanci a 1906. A garin nan ya haɗu da Alhaji Umaru, Bakano haifaffen 1858, wanda ya baro Salaga bayan yaƙin basasar 1892, ya zama limamin Kete-Krachi, a can kuma ya rasu a 1934. Alhaji Umaru ya rubuta wa Mischlich shafuka masu ɗimbin yawa da ajami kan tarihin ƙasar Hausa da sana'o'inta da al'adunta, shi ne kuma ya juya waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi daga Larabci zuwa Hausa. Amma sunan Bajamushen ne ya hau bangon littattafai. Sai bayan shekaru masu yawa masana irin su Douglas Ferguson da Stanislaw Pilaszewicz suka fito da rubuce-rubucen da sunan mai su. Wannan yana ci mini rai, domin har yau haka ake yi wa mai fassara: a ɗauki aikinsa, a bar sunansa.

A Lome kanta, harshen ofis ya sauya sau biyu cikin shekara shida. Jamusawa sun fita a 1914, Ingilishi suka riƙe garin har 1920, sannan Faransawa suka karɓa. Kowane sabon mai mulki da nasa tafintan, kuma duk wanda ya riga saura jin harshen Bature shi ke zama bakin jama'a, ko sun zaɓe shi ko ba su zaɓe shi ba. Daga wannan zamani ne zargi ya manne wa aikin, irin zargin da Amadou Hampâté Bâ ya gina littafinsa na 1973 a kai, labarin tafinta Wangrin da ya yi arziki a tsakanin kunnen Bature da bakin talakawa. A 1977 hukuma ta tashi tsohon Zongo daga tsakiyar birni, aka mai da mutanensa arewa, wajen Agoè da Togblékopé, kimanin kilomita 15 daga inda suke, manyan gine-ginen bankuna suka maye gurbin. Unguwa ta ƙaura, ofisoshi suka tsaya a gari, kuma duk wata magana da hukuma ta ci gaba da bi ta bakin 'yan tsirarun da suka yi lakwal, wato makarantar boko.

A kasuwa ne tsarin ya fi nuna ƙarfinsa. Wani masani Bafaranshe, Michel Agier, ya wallafa littafi a 1983 kan 'yan kasuwar Zongon Lome, ya nuna yadda komai ke kewaye da maigida: shi ke ba baƙo masauki da abinci, shi ke haɗa shi da mai saye, shi ke tsaya masa idan an ɗauki kaya bashi. Fassara ɗaya ce daga cikin hidimomin wannan gida, kuma mai yin ta ba ɗan ba-ruwana ba ne, la'ada yake jira. A tsaya a kara, kasuwar shanu, a saurara. Mai saye ya kewaya sa, ya taɓa ƙugunsa, ya ce da Mina wannan ai ƙashi ne da fata. Dillali ya juyo ya ce wa mai shi, "Alhaji, ya ce dabba ta yi, sai dai tafiya ta ɗan taɓa ta, a duba masa." Alhaji ya ɓata rai ya ce mutumin nan wasa ya zo yi. Dillali ya koma ya ce wa mai saye Alhaji ya ce ya ƙara ƙoƙari. A makarantar koyon fassara za a ce wannan ya ci amanar magana. A kara kuwa aikin ke nan, don ba kalma aka ɗauke shi ya isar ba, ciniki aka ɗauke shi ya ƙulla, kuma ɓangarorin biyu sun san yana tace musu zance.

Abin da ke hana shi wuce gona da iri a fili yake. Alhajin zai dawo baɗi. Yaron da ke riƙe da igiya ɗan Zongo ne, yana jin Mina sarai. Maigida kuma ba zai yarda a ɓata masa suna a Maraɗi ba saboda kwaɗayin wani dillali. Idan ya rage baƙar magana, kowa ya yafe. Idan ya taɓa farashi, kafin la'asar labari ya zaga.

Farashin ma shi ne wurin da ba a wasa. A ƙasashen sefa Bahaushe da dala yake ƙirga, dala ɗaya faran biyar, dala ashirin faran 100, jaka faran 1,000. Tsohon ɗan kasuwar Kano kuwa in ya ce jaka, naira 200 yake nufi. Ga Aflao can a bakin gari, inda ƙetare titi kawai za a yi a shiga Ghana, ƙasar sidi. Shi ya sa ko dillalin da aka fi yarda da shi, in an zo kan kuɗi, sai a latsa lamba a waya a miƙa wa juna, kowa ya gani da idonsa.

Wuri na biyu da fassara ke da masu tsaronta shi ne zauren tafsiri, kuma a nan ne ta kai matsayin ilimi. Cikin azumi, alaramma na jan baƙi, malam na bin Jalalaini, yana juya Larabci zuwa Hausa gaɓa-gaɓa, da lafuzzan da ya gada daga malaminsa. Ba shi kaɗai ya san hanyar ba. A sahun gaba akwai mahaddata, akwai waɗanda suka sauke littafin nan a gaban wani malamin, akwai mai fassarar Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ko ta Sheikh Nasiru Kabara a gida. In malam ya yi tuntuɓe za a ji gyaran murya. Shi ma ya san iyakarsa, shi ya sa yake rufewa da wallahu a'alamu. Matsala tana fara shigowa ne idan aka ƙara zango: huɗuba ta fito da Larabci, aka mai da ita Hausa, sannan wani matashi ya karɓa daga Hausar ya mai da ita Faransanci ko Kotokoli saboda waɗanda ba sa ji. Na ƙarshen nan sau da yawa bai ji Larabcin ba, fassarar fassara yake yi, kuma hukuncin da malam ya gindaya wa sharaɗi yakan isa sahun baya ba sharaɗin.

A asibiti kuwa babu maigida, babu sahun gaba. Uwa ta zo da ciwon da ko ga ƙawarta sai ta rage murya, likita na jin Faransanci da Mina, wanda zai tsaya tsakani kuma ɗanta ne ɗan firamare. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Gaya masa sanyi ke damuna." Duk mace Bahaushiya ta san abin da take nufi, ciwon mara ne da abin da ke biyo shi. Yaro ya faɗa da Faransanci cewa mamansa na jin sanyi. Likita ya tambayi zazzaɓi, ya rubuta maganin maleriya. Ba wanda ya yi ƙarya, ba wanda ya yi sakaci da gangan, amma an sayi maganin da ba na ciwon ba. Ko da yaron ya gane, kunya ba za ta bar uwar ta ƙarasa bayani a gabansa ba, shi ma ba za ta bar shi ya maimaita ba. Sai kuma nauyin da ake ɗora wa irin wannan yaro idan labarin mara daɗi ne, a ce shi zai fara ji, shi zai nemo kalmar da zai gaya wa mahaifiyarsa. Ban ga dalilin da zai sa al'ummar da ba ta yarda a sayar da sa ba shaida ta bar lafiyar mata a hannun yara ba.

Gaban hukuma ma haka. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan 'yancin jama'a da na siyasa, wadda Togo ta shiga a 1984, ta ba wanda ake tuhuma haƙƙin tafinta kyauta idan ba ya jin harshen kotu. Amma yawancin abin da ke yanke wa mutum ƙaddara yana faruwa tun kafin a kai ga alƙali, a wurin ɗaukar jawabi, inda za a kira duk wanda ke kusa a ce ai yana jin Hausa. Wace Hausar? Direban Nijar na cewa duwan da kamyo da kardante, na Kano na cewa kwastan da tirela da katin shaida, wanda ya tashi a Kumasi ko Accra kuma yakan ce "ya" ga mace da namiji duka. A hira wannan ba komai. A jawabin da za a dangwala wa yatsa, sanin ko shi ne ya karɓi kuɗin ko ita ce, shi ne shari'ar gaba ɗaya.

Buƙatar kuma ƙaruwa take yi. Tun bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 da rufe iyakarta da Benin, kaya masu yawa da a da suke bi ta Kwatano sun koma tashar Lome, su haura Cinkassé su ratsa Burkina Faso. Direbobi da masu kaya da ba su taɓa zuwa Togo ba yanzu suna kwana a Terminal du Sahel, kusa da Zongo, suna jiran takardu. Ba dukansu ke da maigida ba. Wanda ya faɗa hannun ɗan tsakiyar da ba zai sake gani ba, wanda shi ne tafinta, shi ne kuma mai cewa ga abin da ofis ya nema, ba shi da hanyar rarrabe kuɗin hukuma da na aljihun mai fassara.

A cikin wannan birni dai, inda Ecobank da BOAD da bankin zuba jari na ECOWAS ke da hedkwata, tafintocin taro na aiki bibbiyu a ɗaki mai gilashi, suna karɓar juna duk bayan kamar rabin sa'a, don an san ƙwaƙwalwa na gajiya. Ana ba su takardun taro tun kafin rana, ana biyansu. Wannan gata na Faransanci da Ingilishi ne, kuma shigar Togo ƙungiyar Commonwealth a 2022 ƙara wa Ingilishi daraja ta yi. Waya ta ɗan taimaka, Google Translate na da Hausa tun 2013, ya ƙara Ewe a 2022, amma Hausar da ya fi iyawa ta labaran rediyo ce, kuma sai an rubuta masa daidai. Mutumin Zongo da ya yi lakwal yakan rubuta Hausa da ƙa'idar Faransanci, dattijo da ajami, akasarin mutane kuma saƙon murya suke turawa ta WhatsApp.

Ba na ganin mafita a jiran gwamnati ta buɗe makarantar tafinta ta Hausa. Zongo ta riga ta mallaki abin da ake buƙata, wato tsarin da ke sa mutum ya ji tsoron ɓata sunansa. Abin da ya rage shi ne a miƙa shi zuwa inda bai kai ba. Sarakunan unguwa da limamai za su iya fitar da mutane sanannu da za a riƙa kira zuwa asibiti da ofishin 'yan sanda, a san su da suna, a san gidan da za a kai ƙara idan sun karkace. Cikinsu lallai a sami mata, kuma akwai su: 'yan matan da suka haɗa lakwal da Islamiyya, suna jin Hausa da Mina da Faransanci. Ma'aikatan jinya 'yan unguwa su zauna da su su bi sunayen cututtuka ɗaya bayan ɗaya, a koya musu riƙe sirri, a koya musu cewa a gaban likita ba a tace zance irin na kara, abin da aka faɗa shi ake mayarwa. Sannan a biya su, ko da kuɗin babur da na wuni ne, daga irin asusun da unguwa ta saba tarawa don gyaran masallaci da jana'izar baƙo.