Biki Ya Tashi, Littafi Na Cikin Leda



A bakansin da ya wuce wani aboki ya turo mini katin gayyata ta WhatsApp: za a ƙaddamar da sabon littafin Hausa a Maraɗi, kuma marubuciyar ɗiyar yankinmu ce, daga wani ƙauye na wajen Gazawa. Wanda ya shirya taron wani mai ɗan shagon littattafai ne da na sani tun ina koleji. Shagon nasa ba na gwamnati ba ne, babu kuma wata ƙungiya a bayansa. Kaye da bik da littattafan lakwal su ne ke ciyar da shi, sai Ahalari da Ishmawi da Risala a kanta ta sama, sannan can ƙasa akwai kwali guda na littattafan Kano, wanda nan ne irinmu ke durƙusawa. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi na marubuciyar ba, don littafinta na farko ne, kuma abin da zan soka al'ada ce da ta fi ƙarfin su biyun.

Na shiga mota daga Cadawa da sassafe, da kuɗin littafi cikin aljihu. An kafa rumfa a ƙofar shagon, an jera kujerun roba, an ɗaura lasifika. Katin ya ce ƙarfe goma, aka fara sha biyu saura, domin babban mai ƙaddamarwa bai iso ba. Da ya iso aka yi addu'a, aka gabatar da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya har da saraututtukansu, aka yi jawabi biyar. Wanda aka ba sharhin littafi ya yi minti ashirin yana yabon mahaifin marubuciyar da tarbiyyar gidansu, ya ce littafin cike yake da darussa, ya zauna. Ko sunan mutum ɗaya daga cikin labarin bai ambata ba. Daga nan aka shiga abin da ya tara mutane: Alhaji ya sayi kwafi ɗaya jikka ɗari, aka yi tafi, wani ya sayi biyu jikka talatin, aka yi tafi. Aka ɗau hotuna, aka raba lemo, biki ya tashi.

Awa uku muka yi a wurin, ba a karanta ko shafi guda ba. Ita kanta marubuciyar minti biyu aka ba ta, ta yi godiya. Ina kallon direban Alhaji ya jefa kwafin nan na jikka ɗari a kujerar baya, yana nan cikin ledarsa. Wasu ƴan mata ƴan lise su huɗu da ke bayana suka tambayi farashi, aka ce jikka biyu da rabi. Ɗaya ta ce, "Kai, mu tahi, in an sa shi a waya mu gani."

Kafin in ci gaba, bari in yi wa mai shagon adalci. Da taro ya watse na same shi yana tattara kujeru, na ce, "Baba, yau an sayar da littafi, amma ba a karanta ba." Ya yi dariya ya ce, "Yaro, kai ka san nawa ta biya mai buga shi? In ba Alhazawan nan ba, wa zai maida mata kuɗinta? Ku da kuke jiran na banza a waya?" Gaskiya ya faɗa, kuma ta yi mini zafi. A wurinmu marubuci shi ne mai bugawa, shi ne mai talla, shi ne mai bin bashi. Ranar ƙaddamarwa ita ce rana guda da zai iya fitar da jarinsa. Don haka ni ban ce a daina karɓar kuɗin Alhaji ba. Abin da nake cewa shi ne, mun kwaso wannan al'ada daga maƙwabtanmu na kudu, muka baro abin da ya raya littafi a can.

Ku tuna yadda littattafan da ke cikin kwalin nan suka samu. A shekarun 1980, lokacin da manyan kamfanonin ɗab'i irin NNPC ta Zariya suka ja baya saboda matsin tattalin arziki, matasa a Kano da kewaye suka fara buga labaransu da kuɗin aljihunsu. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, ta biyo da Alhaki Kwikwiyo a 1990. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990. Suka kafa ƙungiyoyi irin Raina Kama da Kukan Kurciya, kowa na tallata littafin ɗan'uwansa a cikin nasa. Littattafan sirara ne, a kan takarda mai arha, an raba su kashi na ɗaya, na biyu, na uku, yadda mai ƙaramin kuɗi zai saya a hankali. Wanda bai iya saye ba sai ya karɓi haya na kwana ɗaya ko biyu. A gidan da mace ɗaya ce ta iya boko, ita za ta karanta da ƙarfi, sauran na tsinkar zogale suna saurare. Ta haka suka bi motocin ƴan kasuwa ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa har suka iso kasuwanninmu.

Sannan an yi faɗa a kansu, wanda shi ne babbar shaidar cewa ana karanta su. Malam Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ba za su daɗe ba. Abdalla Uba Adamu ya tsaya musu, aka shafe shekaru ana musayar rubutu a jaridu. A 2007 har ƙona wasu aka yi a Kano a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, bisa zargin suna ɓata tarbiyya. Ban goyi bayan ƙonawar ba, amma ku lura: ba wanda zai ɓata ashanarsa kan littafin da ke kwance cikin leda a bayan mota.

Ni kaina na ga irin wannan gardama a tsakar gidanmu. Yayata ta samo Alhaki Kwikwiyo da bangonsa ya yage, ta karanta wa innarmu da maƙwabta cikin dare uku. Labarin Rabi ne, wadda Alhaji Abdu ya kora da ƴaƴanta tara saboda amarya, ta riƙe su da sayar da abinci har ta tsaya da ƙafarta, sannan da dukiyarsa ta ƙone aka matsa mata ta koma gidansa. A nan gida ya rabu biyu. Inna ta ce komawar ita ce daidai, don ƴaƴa. Yayata ta ce marubuciyar ta rubuta ƙarshen ne don ya ƙona mana rai, mu ga yadda dangi ke yanke wa mace hukunci ba da shawararta ba. Sati guda ana wannan magana a bakin murhu. Wannan littafi shi ne aka fassara zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012. Kafin ya je Indiya, sai da ya bi ta dubban tsakar gida irin namu.

To, na dawo Cadawa da kwafina, na cire ledar, na karanta shi cikin kwana biyu. Ga abin da ya kamata mai sharhi ya faɗa a ranar.

Yarinyar ta iya labari. Matsalar ita ce kashi uku cikin huɗu na littafin ba nata ba ne. Jarumar tana zaune a wani katafaren gida mai bene a Kano, saurayinta ya dawo daga karatu a Ingila, ana shan shayi a falo na uku, ana tafiya Dubai sayayyar lefe. Duk mun karanta wannan sau ɗari a waya. Kana ji ka san marubuciyar ba ta taɓa taka falon ba: kayan ɗakin jeri ne kawai kamar tallar kanti, mutanen kuma magana suke irin ta fim. Ko Hausar ma ta aro ce. Ta guje wa bakinmu na nan kamar abin kunya, tana ta cusa kalmomin Ingilishi da ita kanta ba da su ta yi lakwal ba. Ga kuma rashin ƙugiya: babu ɗ, babu ƙ, babu ɓ a littafin gaba ɗaya, har akwai wurin da sai da na koma baya kafin in gane ko ƙasa ake nufi ko kasa, ko ɓata ko bata.

Amma akwai babi na bakwai. A nan aka tura jarumar ƙauye wurin kakarta, lokacin haƙar aya. Shafi goma sha biyu ne, kuma saboda su ban yi da-na-sanin jikka biyu da rabi ta ba. Ta nuna mata a gona suna tankaɗe ƙasa da rariya, ƙura ta rufe musu gira. Ta nuna kawun yarinyar da ya jinginar da gonar gado don ya yi aure na biyu, da yadda kakar ke wucewa ta gefen gonar ba ta ɗaga kai. Akwai wurin da ɗan kasuwa ya zo awo, tsohuwar ta sa hannu ta share saman tiya don kada ya yi mata tozo, ba ta ce uffan ba. Duk wanda ya tashi tsakanin Cadawa da Agye ya san hannun nan. A babin nan Hausarta ta koma gida, tsofaffi na cewa "shina" da "tahi", jimlolin suka gajarce, ba wanda ya yi wa'azi. Da ta rubuta littafin gaba ɗaya daga wannan gona, da yau muna da abin da za mu aika wa Kano maimakon kullum mu karɓa.

Wa zai gaya mata haka? Alhaji bai buɗe ledar ba. Mai sharhi bai karanta ba. Ƴan lise sun tafi jiran waya. Ta koma gida da kuɗin ɗab'inta, wanda na yi mata murna da shi, amma ba ta san wane babi ne mai rai a littafinta ba. Ina tsoron na biyu zai fito da falo huɗu, babu gona ko ɗaya. Wannan ita ce asarar da bikin ya jawo, kuma ba a ganinta a hoto.

Maganar ta wuce yarinya ɗaya. Tun watan Maris na 2025 kundin da ke tafiyar da ƙasarmu ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Mun yi murna a fada. Amma in gobe ƙanenmu ya ce a ba shi labari na Hausa da ya faru a Gidan Rumji ko Tasawa, me za mu miƙa masa? Sarraounia ta Abdoulaye Mamani, da muke alfahari da ita, da Faransanci aka rubuta ta a 1980. Akwai gidajen ɗab'i a Yamai irin Albasa da Gashingo da suka buga littattafai cikin harsunanmu, amma ni dai ban taɓa cin karo da nasu a kwalin mai shagonmu ba. Doka na iya ɗaga harshe, sai dai ba ta iya samar da marubuci. Masu karatu da ke gaya masa gaskiya su ke yin wannan aiki.

Ga shawarata ga Baba mai shago, kuma ba ta buƙatar rumfa ko lasifika. Ya ci gaba da bikinsa, amma a ware rabin awa marubuci ya karanta babi ɗaya da bakinsa, a bar mutane su yi tambaya, kuma kada a ba kowa sharhi sai wanda ya karanta. Kwafin da manya suka saya da tsada, a roƙe su su bar su a shagon don a riƙa ba ɗalibai haya a kan dala goma ko ashirin. Lada ce gare su, ciniki ne gare shi, tunda wanda ya zo mayar da littafi zai sayi bik. Sannan ya shimfiɗa tabarma ɗaya a ƙofar shago kowace Asabar bayan la'asar, a ɗauki littafi guda a yi ta gardama a kansa. Marubuta kuma su koma ga dabarar mutanen Kano ta dā: littafi siriri, kashi-kashi, farashin da ɗan lise zai iya haɗawa daga kuɗin karin kumallo.

Mu ma kada mu zame. Baba ya ce muna jiran na banza a waya, kuma bai yi ƙarya ba. Muna da kuɗin shayi da sukari kullum dare a fada, muna da na intanet, amma littafi ya yi mana tsada. In mu biyar muka haɗa dala ɗari-ɗari, mun sayi sabon littafi guda, ya zagaya hannu biyar. Wannan ɗan kundin da ke hannunku ma haka muka haɗa kuɗin fotokofinsa. Na ji wasu cikinmu na cewa mu ma mu yi masa bikin ƙaddamarwa, mu gayyato manya. Ni ƙuri'ata ita ce a'a. Mu zauna mu karanta wa juna, wanda rubutunsa bai yi ba a gaya masa a gabansa, har da wannan nawa.

Kwafina yanzu yana hannun mutum na shida, bangon ya fara naɗewa, wani ya zuba masa shayi a shafi na arba'in. Uku daga cikin waɗanda suka karanta sun yarda da ni kan babi na bakwai, ɗaya ta ce ƙarya nake, falon Kano ya fi daɗi, don ita ta gaji da ganin gonar aya a zahiri balle a littafi. Mun rubuta ra'ayoyin duka a takarda ɗaya, nawa da nata. Asabar mai zuwa zan kai wa Baba ya miƙa wa marubuciyar.