Toshin Sallah: Nazari a Kan Zaman Jiran Aure Tsakanin Baiko da Ɗauri

Baiko shi ne matakin neman aure da iyayen yarinya ko waliyyanta suke furtawa a gaban wakilan saurayi cewa sun ba shi ita, a raba goro da alewa da dabino ga dangi da maƙwabta domin labari ya bazu, sauran manema kuma su janye. Daga wannan rana har zuwa ranar ɗaurin aure, saurayi da budurwa suna shiga wani irin zama wanda ba shi da cikakken suna, domin sun wuce matsayin masu zance kawai, amma ba su kai matsayin miji da mata ba, kuma kowane ɓangare na dangi yana lura da ɗayan da idon da bai taɓa kallonsa da shi ba a baya. A ranakun da aka saba, wannan zama ba ya bayyana sosai, tunda bai wuce zuwa zance sau ɗaya ko biyu a mako ba. Watan azumi da Salloli biyu su ne suke fito da shi fili, saboda a lokacin ne al'ada take ɗora wa gidajen biyu ayyukan da kowa zai gani, ya kuma yi musu hukunci a kansu.

A mahangar fiƙihun Malikiyya, wanda shi ne mazhabar da ta kafu a ƙasar Hausa ta hanyar littattafai irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil, baiko alkawari ne kawai, ba ya halatta keɓewa, ba ya wajabta ciyarwa ko tufatarwa, kuma babban abin da yake haifarwa shi ne haramta wa wani ya shiga neman yarinyar bayan an amince wa na farko. Ibadun Sallah da kansu suna nuna wannan iyaka ƙarara. Zakkar fid da kai, wato sa'i guda na abincin gari da ake fitarwa a ƙarshen azumi, mahaifin yarinya ne yake fitar mata muddin tana ƙarƙashin ciyarwarsa, haka kuma ladan layya shi ne yake shigar da ita a cikin dabbarsa tare da sauran iyalinsa. Saurayi ba shi da hurumi a ko ɗaya daga cikin biyun. Duk abin da zai kai gidan su budurwa a wannan lokaci kyauta ce zalla a idon shari'a, amma a idon al'ada kyauta ce da rashinta yake iya girgiza maganar auren baki ɗaya, kuma a cikin wannan tazara da ke tsakanin hukuncin malamai da hukuncin tsofaffin mata ne toshin Sallah ya samu gindin zama.

Hidimar tana farawa tun kafin a ga watan Ramalana ko a kwanakinsa na farko, da abin da ake kira kayan azumi ko kayan shan ruwa: sukari da gero da dabino da madara da ganyen shayi, wani lokaci da ƙwai da dankali, gwargwadon ƙarfin mai kaiwa. Waɗannan kaya na gida ne gaba ɗaya, uwar yarinya ce take karɓa ta raba, ta kai wa kishiyoyinta da kakanni nasu rabo. Tsarin ranakun masoyan ma yana canzawa. Zancen yamma yana faɗuwa domin yarinya tana madafa tun daga la'asar, tana tsakanin damun kunu da suyar ƙosai, kuma ko da saurayi ya zo sai bayan sallar asham, na ɗan lokaci kaɗan, sannan a goman ƙarshe da yawa sukan ɗauke ƙafa gaba ɗaya saboda tahajjud. A wasu gidaje akan zuba abin buɗa-baki a kwano mai kyau a aika wa saurayi ta hannun ƙannen yarinya, kuma mahaifiyarsa da 'yan'uwansa mata sukan ɗanɗana da niyya biyu, domin a nan ne suke fara auna hannun wadda za ta shigo musu gida.

Toshi kuwa, a asalinsa, kyauta ce da mai neman aure yake yi wa budurwa ko iyayenta domin ƙarfafa nemansa, kuma toshin Sallah shi ne mafi girmansa kafin lefe. Ya ƙunshi tufafin da yarinya za ta yi kwalliyar Sallah da su, kamar atamfa da leshi ko shadda, da mayafi da takalmi da jaka, da turare da man shafawa, sannan a haɗa da kuɗin ɗinki da na kitso da na ƙunshi. Lokacin kai shi yana da muhimmanci kusan kamar abin da ke cikinsa. Duk wanda ya san yadda kasuwar Kantin Kwari a Kano take cika a tsakiyar azumi, da yadda teloli suke daina karɓar ɗinki tun kafin goman ƙarshe, ya san cewa kayan da aka kai ana saura kwana uku Sallah ba za su ɗinku ba, kuma yarinyar da aka yi wa baiko ta fita ranar idi da kayan da mahaifinta ya yi mata kaɗai za ta sha tambaya daga ƙawaye. Saboda haka ana karanta saurin kawowa a matsayin alamar tsari da kula, ana kuma karanta jinkiri a matsayin alamar mutumin da zai bar gida ba cefane sai rana ta take.

Sai dai abin da ya fi cancantar nazari a wannan al'ada shi ne hanyar da kayan suke bi. Saurayi ba ya ɗaukar toshi ya miƙa wa budurwa hannu da hannu. Yana kai wa mahaifiyarsa, ita kuma ta kira gwaggonninsa ko yayyensa mata su duba, su ƙara abin da suka ga ya gaza daga aljihunsu, sannan a zaɓi waɗanda za su kai. A can gidan, ba yarinya ce take karɓa ba, ita takan ɓuya a ɗaki ne ma saboda kunya. Gwaggo ko matar yaya ko maƙwabciya mai shekaru ce take buɗe kayan, a ƙirga, a sa albarka, a ba 'yan kawowa tukwici, wato ɗan abin da ake mayarwa ga wanda ya kawo kyauta domin nuna an yaba. Bayan sun tafi akan zagaya da kayan ɗaki-ɗaki da gida-gida a nuna wa dangi. Idan aka lissafa, kyauta guda ta ratsa hannun mutum goma ko fiye kafin ta isa jikin wadda aka saya wa, kuma kowane hannu da ta ratsa ya zama shaida, ya kuma ɗauki wani kaso na nauyin auren. Gwaggon da ta ƙara turmin atamfa daga kuɗinta, ita ce gobe za ta tsaya a yi sulhu idan saɓani ya taso, domin tana ganin da guminta a cikin ginin. Labarin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, ya nuna cewa tun a ƙarshen ƙarni na 19 kyaututtukan neman aure a ƙasar Hausa suna rarrabuwa ne a tsakanin dangi, abin da ke tabbatar da cewa wannan tsari na hannuwa da yawa tsoho ne, ko da yake kayan da kansu sun sauya daga wuri da zanen saƙi zuwa naira da atamfa.

Masu sukar tsadar aure sukan manta cewa gidan yarinya ma ba ya fita salin-alin. Ban da tukwici, akwai abincin Sallah da ake shiryawa musamman domin gidan surukai, tuwon shinkafa da miyar taushe ko waina ko funkaso, da kaji, da kayan ƙwalama irin su dubulan da cincin da alkaki, kuma uwar yarinya tana sane da cewa za a buɗe kwanukan nan a gaban matan gidan duka. Sau da yawa abin da talakan uba yake kashewa wajen mayar da martani yakan kusa kai abin da aka kawo masa, kuma yana yin haka ne a watan da ya riga ya ɗinka wa sauran 'ya'yansa.

A ranar Sallah ko washegari saurayi yakan je gaisuwar surukai, kuma ba ya zuwa shi kaɗai. Yana tafiya da aboki ɗaya ko biyu, su tuɓe takalma tun daga bakin zaure, su durƙusa, abokin ne yake yin yawancin magana, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana amsawa da 'yan kalmomi. Yakan kira mahaifin yarinya Baba, mahaifiyarta kuma da sunan da 'ya'yanta suke kiranta, Umma ko Inna ko Mama, ya ajiye goron Sallah a gefen tabarma ba tare da ya ambace shi ba. Idan aka kawo abinci ba zai ci a gabansu ba, sai an kai wani ɗaki ko an bar su su kaɗai. Wannan alkunya, wato kamewar da ake yi a gaban wanda ake girmamawa, horo ce da za ta bi shi har tsufa a mu'amalarsa da surukai, kuma a Sallar farko bayan baiko ne ake ganin ko ya iya ta. Da ya fito kuma sai ƙannen yarinya da 'ya'yan maƙwabta su yi masa caa da neman barka da Sallah, kakanninta su tare shi da wasan jika, suna cewa su ne matan farko kuma ba a kawo musu nasu toshin ba. Waɗannan wasanni suna sassauta nauyin zauren, suna kuma ba shi ƙofar shiga dangin ta wajen waɗanda babu kunya tsakaninsa da su.

Ita yarinya, Sallar tana zuwa mata da wani yanayi dabam, domin kowa yana tuna mata cewa wataƙila ita ce ta ƙarshe a gidan mahaifinta. Addu'ar da take sha daga tsofaffi ita ce Allah ya sa baɗi war haka tana ɗakinta. Yawon Sallah da ta saba yi da ƙawaye, ko kallon Hawan Daushe a Ƙofar Kudu a Kano, yanzu sai da lissafi, domin idan dangin saurayi suka gan ta inda bai dace ba maganar za ta koma gida, kuma fita da saurayin shi kaɗai abu ne da gidajen da suka riƙe al'ada ba sa yarda da shi sai da rakiyar ƙane ko ƙanwa.

Babbar Sallah tana da nata salo, wanda nama ne ginshiƙinsa. Gidan da ya yi layya yakan ware wa surukai yanki mai daraja, galibi cinya, a aika da shi ɗanye ko bayan an soya, su ma su mayar da nasu. A karkara kuwa nauyin duka hidimomin nan ya danganta da inda Sallah ta faɗo a shekarar noma, domin watannin Musulunci suna ja baya da kimanin kwana 11 kowace shekara. Sallar da ta zo da kaka tana samun saurayi da hatsi a rumbu da kuɗin gyaɗa ko riɗi a hannu, amma wadda ta faɗo a tsakiyar damina tana samun sa a lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuma dattawan ƙauye sun san wannan, suna sassauta abin da suke tsammani. Ga 'yan ci-rani da suke neman kuɗi a Legas ko Fatakwal ko Abuja, Sallah ce kusan kaɗai lokacin da suke ganin waɗanda aka yi musu baiko da su, saboda haka a 'yan kwanakin nan ake cusa gaisuwa da toshi da maganar sa rana gaba ɗaya.

Sauye-sauyen da suka shigo a 'yan shekarun nan sun fi taɓa hanyar kayan fiye da kayan kansu. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001 zance ya daina dogara da zaure da ɗan aike, kuma bayan da tura kuɗi ta waya ya zama ruwan dare, musamman daga ƙarancin takardun naira na farkon 2023, samari da yawa suna tura wa budurwa kuɗin kayan Sallah kai tsaye cikin asusunta, ta je kasuwa ta zaɓa da kanta. Wannan ya rage wahala da ɓarnar sayen abin da ba a so, amma ya cire gwaggo da yaya da maƙwabciya daga cikin lamarin, har ta kai iyaye ba sa sanin adadin abin da ya shiga hannun 'yarsu. A ɗaya gefen kuma an samu kwandon azumi na zamani, wanda ake ƙawata shi da leda mai ƙyalli a ɗauki hotonsa a sa a WhatsApp da Instagram, inda masu kallo baƙi ne da ba su da wani alhaki a kan auren, kuma ma'auninsu ɗaya ne, wato tsada. Nunin da ake yi wa dangi a da yana jawo addu'a da gudummawa, wannan kuwa gasa yake jawowa, kuma ya zo a daidai lokacin da cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira suka ninka farashin sukari da atamfa. Abin takaici ne a ga saurayi mai ƙaramin albashi ya ci bashi domin kwando, alhali kuɗin hayar ɗakin da zai ajiye amarya bai cika ba.

Rashin shaidu yana fitowa fili ne idan baiko ya warware. Ra'ayin da malaman Malikiyya na baya suka rinjayar shi ne cewa idan fasawar ta fito daga wajen saurayi ba shi da ikon neman abin da ya bayar, idan kuwa daga wajen yarinya ko iyayenta ne yana iya nema, sai fa idan akwai sharaɗi ko al'adar gari da ta saɓa wa haka. A tsohon tsari wannan hukunci yana da sauƙin zartarwa, domin matan da suka kai da waɗanda suka karɓa sun ƙirga komai, kuma akan bar abin da aka ci ko aka sa ya tsufa, a mayar da abin da ya rage. Kuɗin da aka tura a ɓoye tsakanin mutum biyu kuwa yakan zama abin musu a gaban mai unguwa ko alƙali. Wannan na daga cikin dalilan da suke sa dattawa da yawa ba sa son baiko ya daɗe har Salloli biyu ko uku su ratsa shi, kuma idan an zo sa rana sukan zaɓi watan Sha'aban domin amarya ta yi azumi a ɗakinta, ko kuma makonnin farko bayan ƙaramar Sallah, a watan Shawwal, wanda ya tabbata a hadisi cewa a cikinsa ne Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya auri Nana A'isha, a cikinsa kuma ta tare.