Ta'aziyyar Ƴan Fim Tsakanin Ƙonni da Tawa

Idan ɗan fim ya rasu a Kano ko Kaduna, kafin a dawo daga maƙabarta labari ya riga ya bi ta Sakkwato, ya tsallaka iyaka, ya shigo Birnin Ƙonni. Daga nan sai ya bi kwalta zuwa Malbaza da Galmi, ya haura arewa har Illela ta Adar. Wayoyi su cika da hoton mamaci, mata su yi ta jimami a cikin gida, masu shayi su yi ta Allah ya jiƙansa. Mutanen wannan yanki sun daɗe da ɗaukar ƴan fim ɗin Hausa a matsayin nasu, tun zamanin kaset da gidajen kallo, kuma ba wanda zai ce musu ba nasu ba ne: harshe ɗaya, addini ɗaya, dariya ɗaya.

Yawan rasuwar ya sa wannan jimami ya zama wani fanni mai tsarinsa, ko a rediyo, ko a jarida, ko a guntayen bidiyon da ake haɗawa da hotunan "jaruman da suka riga mu gidan gaskiya". Da sanadin ajali ake farawa: hatsarin mota ne, ko gajeriyar rashin lafiya, ko doguwar jinya. Sai a nemo wanda ya yi magana da shi na ƙarshe. Sai abokan sana'a su zo su ba da shaida, mutumin kirki ne, ba ya riƙo, yana da zumunci, abin hannunsa bai rufe masa ido ba. A faɗi mata nawa ya bari da ƴaƴa nawa. Can a ƙarshe, in da sauran wuri, a jero sunayen finafinai uku ko huɗu ba tare da an ce uffan a kan ko ɗaya ba.

Wannan tsari yana da dalilinsa, kuma ina ganin girmansa. Addini ya hore mu da ambaton alherin mamaci. Ban da haka, sana'a ce da aka daɗe ana jifanta da ɓata tarbiyya, don haka ranar rasuwa ita ce ranar da ƴan'uwa ke samun damar wanke nasu a idon jama'a. Wanda aka yi shekara ashirin ana kira ɗan nanaye, dole abokinsa ya fara da cewa ba ya wasa da salla. Shi kansa yawan maganar hanya yana da tushe. Balaraba Muhammad ta rasu a 2003 cikin ayarin kai ta gidan miji. Ahmad S. Nuhu ya rasu ranar 1 ga Janairun 2007 a hanyarsa ta zuwa Maiduguri. Hauwa Ali Dodo, wadda aka fi sani da Biba Problem, ta rasu ranar 1 ga Janairun 2010 tsakanin Kaduna da Jos. Kamal Aboki ma hanya ce ta ci shi a Janairun 2023. Sana'a ce ta yawo, daga wurin ɗaukar fim zuwa wasan salla, a kan titunan da kowa ya san halinsu.

Inda nake da ƙorafi shi ne aikin mamacin. Ɗauki Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014. Da wuya a samu ƙauyen da ba a yi makokinsa ba a ƙasar Ƙonni. To amma me aka faɗa game da gwanintarsa? Mutum ne da ya yi aikin gandiroba kafin ya rungumi wasa, ya kuma ƙware wajen shiga rigar talaka mai wayon da ba ya kai shi ko'ina: yau direba, gobe boka, jibi mai gadi. Kuma duk abin da duniya ke ciki sai ya jawo shi tsakar gidan Bahaushe. Da waƙar Awilo ta cika gari ya yi Ibro Awilo, da sunan Usama ya cika rediyo ya yi Ibro Usama. A 2008 kotun tafi-da-gidanka ta hukumar tace finafinai ta Kano ta yanke masa ɗaurin wata biyu a kan Ibro Aloko. Tsohon gandiroba ya koma gidan yari a matsayin fursuna saboda barkwanci, kuma wannan babi ne babba a tarihin dangantakar hukuma da masu ba da dariya a ƙasar Hausa. Ta'aziyya ba ta da gurbin da za ta sa shi, sai ta tsallake.

Wata uku bayan Ibro, ranar 17 ga Maris 2015, wani dattijo ya rasu a Wagadugu. Sunansa Mustafa Alasan, a takardun Faransanci Moustapha Alassane. A Tawa yake zaune, babban birnin jihar da Ƙonni da Malbaza da Illela suke cikinta, tafiyar ƴan awoyi ga wanda ya kama hanya daga Tsarnawa. Yana da otal a can, ya mai da wani sashensa ɗakin aiki, inda yake ɗinka ƴan tsana yana motsa su kaɗan-kaɗan a gaban kyamara, har ya koyi yin zane mai motsi da kwamfuta bayan furfura ta kama shi. Tambayi matasan da suka haddace finafinan Ibro ko sun taɓa ganin aikinsa ko guda.

An haife shi a 1942 a N'Dounga, kusa da Yamai. Tun yana yaro yake yanka kwali yana haska fitila a bayansa, inuwa ta yi wasa, yaran unguwa su taru. Ya yi kanikanci, sannan ya haɗu da mai shirya fim Jean Rouch a Yamai, ya kuma je Kanada ya ga yadda Norman McLaren ke aikin zane mai motsi. A 1962 ya fitar da Aouré, kan al'adun aure. A 1965 ya yi La Mort de Gandji, wanda ake lissafawa cikin finafinan zane na farko da ɗan Afirka ta kudu da Sahara ya yi, ya kuma ci kyauta da shi a Dakar a 1966. A wannan shekarar ya fitar da Bon Voyage Sim, inda shugaban ƙasar kwaɗi ke tafiya ziyarar aiki da faretin soja da taken ƙasa da duk wani tsarin girma. Shekara shida kacal da samun mulkin kai, ga ɗan Nijar yana yi wa sababbin masu mulki dariya ta bakin kwaɗo, kamar yadda kakanninmu ke faɗa wa sarki gaskiya ta bakin gizo.

Wanda ya fi dacewa da mutanen kan iyaka shi ne Le Retour d'un aventurier, shi ma na 1966. Saurayi ne ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa. Suka sa malafa, suka sake sunaye, suka hau dawaki, suka addabi ƙauye da sata da faɗa, har wasa ya kai ga zubar da jini. Muhawarar da aka yi ta yi a Kano bayan shekara talatin da ƴan kai, a kan rawa da waƙar Indiya a fim ɗin Hausa, wannan mutum ya riga ya sa ta a majigi: me baƙon hoto ke yi wa ɗan gida? Kuma bai yi wa'azi ba, ya bar mai kallo ya yi dariya har ya kai inda dariyar ta tsaya masa a wuya.

A wannan fim ne Zalika Souley ta fara fitowa, macen farko da ta yi suna a sinimar Nijar. Ta fito a Le Wazzou polygame na Oumarou Ganda, wanda ya ci babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a 1972. Ta sha zagi saboda irin matan da take fitowa a matsayinsu, domin jama'a ba su raba wasa da hali ba, abin da ƴan matan Kannywood ke sha har gobe. Da sinimar ƙasar ta durƙushe sai ta koma aikatau a ƙasar waje. Rahmatou Keïta ta yi fim a kan rayuwarta, Al'lèèssi, tun Zalika tana raye, kafin ta rasu a 2021. Wannan fim ya yi abin da ta'aziyyarmu ba ta yi: ya zaunar da mai sana'a ya tambaye ta yadda ta yi aikin da abin da aikin ya ja mata.

Ban ɗora wa mai kallo laifi ba. Finafinan Mustafa a kan zaren majigi aka ɗauke su, an adana su a ƙasashen waje, sunayensu da Faransanci, gidajen sinimar da za su nuna su kuma sun rufe. Babban gidan adana fasaha na MoMA a New York ya shirya masa nuni na musamman a 2017, mutumin Malbaza kuwa ba ta inda zai gan shi. Na Kano sun zo da Hausa, a kaset mai araha, har ƙofar gida. Sai dai su ma ba su tsira ba. Kaset yana cin zare, faifan CD yana karcewa, kamfanoni da yawa sun watse da ainihin kwafinsu. Ba don irin mujallar Fim, da ta fara fitowa a 1999 tana hira da ƴan wasa tun suna raye ba, da abin da za a sani game da su Balaraba bai wuce ranar hatsarin ba.

Akwai kuma masu kira, duk lokacin da aka yi rashi, da a daina nuna finafinan mamaci don kada zunubi ya riƙa bin sa kabari. Tsoron Allah ne ya sa su faɗa, kuma iyalin da suka nemi a janye wata rawa ko waƙa suna da haƙƙin a saurare su. Amma in aka mai da wannan doka a kan kowa, an yanke hukunci ke nan cewa duk abin da mutum ya yi shekaru yana yi ɓarna ce, alhali a bakin kabarinsa an shaide shi da alheri.

Jihar Tawa ta san wata hanyar. Gasar mawaƙa ta ƙasa da aka sa wa sunan marigayi mawaƙi Ɗan Gurmu ta sa matasan da ba su riske shi ba suna tambayar wane ne shi. A Tawa kuma aka fara gasar kokawa ta ƙasa a 1975, wadda Yakuba Kantu na Maraɗi ya lashe. Mustafa yana da ɗan gajeren fim na ƴan tsana mai suna Kokoa, inda kwaɗi da hawainiya ke shiga fili da kirari da makaɗa, ba ya buƙatar fassara ko kaɗan. Gidajen matasa da al'adu na Ƙonni da Illela za su iya neman izinin magadansa su haska shi a daren da ake kokawa, kafin a fara kiɗa.