Darajar "In Ji" a Labaran Rediyo

Kwanan baya wani matashi ya ce mini aikin jaridar rediyo ya zama kayan tsofaffi. Hujjarsa ita ce kafin a buga taken labaran dare, shi ya riga ya ga komai a Facebook da WhatsApp. Ban yi masa musun sauri ba. Abin da na tambaye shi guda ne: labarin da ka gani, in ji wa? Sai ya yi shiru.

Tarihin aikin jarida da Hausa sananne ne. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya a 1939, Abubakar Imam na editanta. Sashen Hausa na BBC ya buɗe baki ranar 13 ga Maris, 1957, da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi. Rediyon Jamus ya biyo a 1963, Muryar Amurka a 1979, na Faransa a 2007. Masu yabon waɗannan gidaje sun fi ɗaukar ƙirƙirar kalmomi, irin su Majalisar Ɗinkin Duniya da makamin ƙare dangi. Ado ne mai kyau, amma ba shi ne jigon aikin ba. Jigon shi ne yadda ake jingina kowace magana ga mai ita.

Ɗauki jimla irin wadda kunnenmu ya saba da ita: "Rundunar 'yan sanda ta ce ƙura ta lafa, sai dai mazauna garin sun shaida wa wakilinmu cewa har yanzu suna jin harbi." Dubi aikin da ke ciki. "Ta ce" ya ɗora wa hukuma nauyin maganarta, mai karanta labarin bai rantse a kai ba. "Sai dai" ya ja burki, ya gaya wa mai sauraro kada ya kwanta tukuna. "Sun shaida wa wakilinmu" kuwa ya nuna akwai mutum mai suna da ya ji da kunnensa, wanda za a iya kama wa kwala gobe idan ƙarya ce.

Kalmomin ma hawa-hawa ne. "Ya ce" ba ya ɗaukar ɓangare. "Ya yi iƙirarin" ya ɗan ɗaga gira. "Ana zargin" ya ajiye hukunci sai kotu ta yi magana. "Wai" kuwa ƙwararre ba ya yawan taɓa ta, don tana ɗauke da raini, tana yanke hukunci a fakaice. Har "haƙarmu ba ta cimma ruwa ba", da ake faɗa idan jami'i ya ƙi ɗaukar waya, shaida ce cewa an nemi jin ta bakinsa. A bakin 'yan jaridar rediyo irin su Sulaiman Ibrahim Katsina da marigayi Isa Abba Adamu na koyi jin wannan bambanci.

Masu cewa gidajen nan suna da manufar ƙasashensu ba su faɗi sabon abu ba. Kowane allazi da nasa amanu. Amma wanda ya gaya maka inda ya samo zance ya ba ka sandar da za ka doke shi da ita. Saƙon da ya faɗo wayarka da "da ɗumi-ɗumi" a kansa, a ƙasa kuma "don Allah a tura wa wasu", ba shi da uwa ba shi da uba.

Ni a ganina ba daga Landan muka koyi wannan tarbiyya ba. Almajirin da ya zauna a zauren malami ya san isnadi, ya san ba a karɓar hadisi sai an ji wane ya karɓo daga wane. Rediyo ya tarar da kunnen da aka riga aka hora, shi ya sa ya zauna daram. Har yau a teburin mai shayi, in yaro ya ɗaga waya ya karanto abin tashin hankali, za ka ji dattijo ya ajiye kofi ya ce, "To, bari mu ji ko rediyo zai faɗa."