Kafin tifa ta juye yashi a ƙofar asibiti

Mai kanti idan zai yi gyara sai ya ja ƙofa ya danna kwaɗo, ya ce wa abokan ciniki su dawo bayan sati biyu. Makaranta takan jira hutu. Asibiti kuwa babu ranar da zai rufe. Ana fasa bango a wannan ɓangare, a wancan ana karɓar haihuwa; birkila na kwaɓa siminti, a bayan tagar da yake tsaye ana ƙara wa yaro jini. Ga shi da yawa daga manyan asibitocinmu sun kwana biyu. Asibitin Murtala na Kano tun shekarun 1920 yake karɓar marasa lafiya. Gini mai irin waɗannan shekaru dole a riƙa taɓa shi, yau rufi, gobe wayar wuta, jibi bututun ruwa, kuma dole a taɓa shi da mutane kwance a ciki.

A irin wannan lokaci ne wata gwaninta take bayyana, wadda ba a rubuta sunan mai ita a allon kwangila, ba a kuma kiransa ranar yanka zare. Ita ce iya sanar da ma'aikata abin da zai sauya, ta yadda aiki ba zai tsaya ba, rai kuma ba zai salwanta a tsakanin tsohon ɗaki da sabo ba. A wani wuri sakataren asibiti ne ke da wannan baiwa, a wani wurin wani likita ne mai sanyin hali. Amma a ganina an fi samunta wurin shugabar ma'aikatan jinya, wadda ake ce wa metiron, kuma akwai dalili.

Dalilin shi ne miƙa aiki. Kullum sau uku nas-nas suke yinsa: masu aikin safe su miƙa wa na yamma, na yamma su miƙa wa na dare, na dare su mayar wa na safe. Wadda za ta tashi ba ta cewa "komai lafiya" ta saɓi jakarta. Gado-gado ake bi. Wannan an yi masa allurar ƙarfe shida, saura ta sha biyu. Wancan ruwan da aka ɗaura masa ya kusa ƙarewa. Na lungu likita ya ce kada ya ci komai, da safe za a shiga da shi tiyata. Na kusa da ƙofa sakamakon gwajinsa bai fito ba tukuna, a bibiya, in jikinsa ya rikice ga likitan da za a kira. Mai karɓa ta yi tambaya, ta duba da idonta, sannan a sa hannu a littafin rahoto. Matar da ta shekara ashirin tana wannan ta riga ta saba da faɗin abin da aka yi, da abin da ya rage, da abin da ba a tabbatar ba, da wanda za a nema in ta ɓaci. Idan gyara ya zo, sai ta ɗauki ginin kamar wani majinyaci da za a miƙa wa ɗaruruwan mutane, ta bi shi ɗaki-ɗaki.

Abu na farko da take tsarewa shi ne lokaci. Ba ta yarda tifa ta riga ta magana ba. Ranar da ma'aikata suka wayi gari suka ga yashi da bulo a ƙofar ɗakin yara ba tare da an ce musu uffan ba, ranar rediyo mai jini zai kama tasha. Kafin azahar an ce sayar da ɓangaren aka yi wa wani attajiri, kafin la'asar an ce za a sallami ma'aikatan wucin gadi, zuwa magariba har an san sunayen waɗanda za a tura ƙauye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ƙaryata labarin da ya riga ya zaga ya fi faɗin gaskiya tun farko wahala sau nawa.

Ta kuma san cewa abin da ke ran shugabanni daban, abin da ke ran ma'aikaci daban. Shugaba yana ɗokin ya yi maganar sabon tiyata da tayil da na'urori. Ma'aikaci yana sauraro ne da tambayoyinsa a ciki: ni ina za a kai ni, wa zai zama shugabana, alawus ɗina na aikin dare yana nan, ina zan ajiye kayana, ina za mu yi alwala? Likitan da ke kwana jiran kira yana son ya san ko an tanadar masa wurin da zai miƙe ƙafa. Babu ƙarama a cikin tambayoyin nan. Lokacin da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya koma mazauninsa na Shika a 2005, duk wanda ya san Zariya ya san tazarar da ke tsakanin Tudun Wada da can, har a wuce Samaru. Ga ma'aikacin da gidansa ke cikin gari, sauyi irin wannan kuɗin mota ne na kullum, da lokacin fita, da wanda zai kai yara makaranta. Gyaran ɗaki ɗaya bai kai haka ba, amma irin lissafin da mutum ke yi a zuci ɗaya ne. Gwana takan fara da amsa waɗannan, sannan ta zo kan kyan da ginin zai yi.

Sai batun wa za a faɗa wa. Al'adar ofis ita ce a buga sakula da Turanci, a liƙa a allon sanarwa, a kira taron shugabannin sassa ƙarfe goma na safe, a ce an sanar. To masu aikin dare a lokacin suna gida suna barci. Masu aikin yamma ba su iso ba. Masu hutu ba su san ana yi ba. Mai gadi da mai shara da mai tura gado kuwa babu wanda ya gayyace su, ko da sun tsaya gaban allon ba lallai ne su karanta ba. Alhali idan mota ta shigo da mai naƙuda ƙarfe uku na dare, ba babban likita za ta tarar a ƙofa ba. Shi ya sa za ka ga metiron ta taka da ƙafarta har bakin get:

"Baba, sannu da aiki. Daga ranar Litinin ɗakin haihuwa zai koma bayan ɗakin magani. Hanyar hagu za a toshe ta da bulo. Duk motar da ta zo da mai haihuwa, dama za ka nuna musu. To Baba, in sun zo tsakar dare, ina za ka ce su bi?"

"Dama, ranki ya daɗe, bayan ɗakin magani."

"Madalla. Ga lambata, ko ƙarfe nawa ne ka kira."

A lura da tambayar da ta yi masa a ƙarshe. Ba ta ce "ka gane?" ba, domin babu dattijon da zai ce wa shugabarsa bai gane ba. Sa shi ta yi ya maimaita, kamar yadda ake yi a bakin gado. Daga nan za ta dawo da dare ta samu masu aikin dare a kan aikinsu, ta yi saƙon murya da Hausa ta tura zaurukan WhatsApp na sassa, ta sa a zana kibiya da fenti a bango saboda wanda ba ya karatu. Magana ɗaya za ta yi ta nanatawa har ta gundure ta. Wani malamin Jami'ar Harvard ta Amurka, John Kotter, ya yi rubutu a 1995 kan abin da ke wargaza sauye-sauye a ma'aikatu, ya lissafa kurakurai takwas. Ɗaya daga ciki shi ne ƙarancin bayani: a ganinsa abin da shugabanni ke faɗa ya kamata su ninka shi sau goma. Metiron ɗinmu ko ba ta taɓa jin sunansa ba, da hakan take aiki.

Inda gwanintar ta fi burge ni shi ne wajen faɗin dalili. A ɗauki ƙura. Mu da muka saba da hunturu ba ma ɗaukar ƙura a bakin komai, don haka idan aka kafa katako da leda aka rufe inda ake aiki, aka ce kada a buɗe, ba a jimawa wani zai yage gefe don ya yanke hanya zuwa ɗakin gwaji. Amma ƙurar tsohon silin da tsohon bango tana ɗauke da ƙwayoyin wata irin funfuna da likitoci ke kira Asfajilus. Mai lafiya zai shaƙe ta ya wuce abinsa. Wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni kuwa, kamar mai shan maganin cutar kansa, ko wanda aka yi wa dashen ƙoda yana shan maganin da ke danne garkuwa, tana iya kama huhunsa ta kashe shi. Kuma muna da irin waɗannan majinyata; tun 2002 ake dashen ƙoda a Asibitin Malam Aminu Kano. Idan aka ce wa mai shara kawai "an hana shara da tsintsiya, a riƙa goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma," za ta yi kwana biyu ta koma wa tsintsiyarta, don ta fi sauri. Idan aka ce mata, "Iya, ƙurar nan da ke tashi, ita ce za ta iya shiga ƙirjin yaron can na gado na huɗu, shi kuma jikinsa ba shi da ƙarfin da zai ture ta," to an gama. Ita da kanta za ta riƙa korar leburan da ya biyo ta cikin ɗakin da baro cike da ɓaraguzai ba a rufe ba.

Akwai kuma jarumtar cewa "ba a yanke ba tukuna." Aikin gwamnati kowa ya san halinsa: kuɗi kan fito kashi-kashi, farashin siminti ya tashi, ɗan kwangila ya kwashe ma'aikatansa ya tafi wani aikin. Shugaban da ya tsaya gaban taro ya ce "wata uku kacal" ya jingina mutuncinsa ne a kan alƙawarin wani. In wata uku ya zama tara, duk abin da ya sake faɗa kanzon kurege ne a kunnen ma'aikata, har da wanda yake gaskiya. Gwana takan raba magana biyu: "Ɗan kwangila ya ce wata uku. Ni abin da zan iya yi muku alƙawari shi ne duk ranar Alhamis zan gaya muku inda aka kwana, ko da babu abin da ya motsa." Kuma ta cika. Haka nan ba ta bari shugabannin ƙungiyoyin ma'aikata, na haɗakar ma'aikatan lafiya ta JOHESU ne ko na likitoci masu neman ƙwarewa ko na nas-nas da ungozoma, su ji labari a bakin mambobinsu. Shugaban reshen da aka kunyata a gaban mutanensa ba ya da zaɓi sai ya tayar da jijiyar wuya.

Rabin aikin kuma sauraro ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai tura gado ne zai ce ƙofar ɗakin wucin gadin nan gado ba zai shige ta ba, ko gangaren ya yi tsayi ga mai tura tukunyar iskar oksijin. Nas ɗin ɗakin jarirai ce za ta ƙirga soket ta ce ba za su ɗauki kwalaben bakwaini ba. Ta ɗakin yara ce za ta ce kada a kuskura a rage gadaje daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika ɗakin har a kwantar da yara biyu a gado ɗaya, kada kuma a yaye kwano ana tsakiyar damina. Injiniya ba zai ga waɗannan a takardar zane ba. Sai dai sauraron da ba a dawo da amsa ba ya fi rashinsa ciwo. Wanda ya kawo shawara, a dawo a ce masa an ɗauka, ko a ce ba za ta yiwu ba saboda kaza. Mutane suna iya haƙura da "a'a" in an gaya musu dalili.

Kafin ranar ƙaura takan sa a yi gwaji. A ɗauki gadon da babu kowa, a ɗora masa tukunyar oksijin da sandar ruwa, a tura shi daga sashen gaggawa zuwa tiyata ta sabuwar hanya, ana duba agogo. A sake yi da dare, don a ga inda babu fitila da ƙofar da ake kullewa bayan isha'i, a san wa ke riƙe da makullin. Ranar da za a yanke wuta ko ruwa kuwa, masu wankin ƙoda da masu ajiyar jini da ɗakin jarirai su ne farkon sani, da awa da minti, da sunan wanda zai tsaya a kan janareto.

Kada dai a ɗauka daɗin baki zai maye gurbin kayan aiki. Idan ɗakin da aka mayar da mutane babu ruwa babu banɗaki, duk iya maganar metiron ba za ta hana ma'aikata ƙorafi ba, kuma suna da gaskiya. Wadda ta san aikinta ma ba ta ƙoƙarin rufe wannan. Takan ce "wurin nan bai yi ba, na kai kuka sama, ga abin da aka ce," domin da ta fara kare abin da kowa ke gani da idonsa, ta zama kakakin ofis, an daina jin ta.

Ga kwamishinonin lafiya da hukumomin kula da asibitoci na jihohinmu: duk kwangilar gyaran da za ku bayar, ku ayyana mutum ɗaya daga cikin ma'aikatan asibitin wanda sanar da 'yan uwansa zai zama aikinsa. Ku rage masa wani nauyin, ku ba shi kuɗin kati da na buga takardu da fenti, ku kuma ba shi kujera a duk zaman da za a yi da ɗan kwangila, tun daga na farko.