Shingen Aguwa da 'Yar'uwarta ta Cikin Tukunya

Wanda ya tashi a karkarar Katsina ko Daura ko Maraɗi ba sai an nuna masa aguwa ba. Ita ce ke tsaye a bakin burtali tana raba shanu da gero, ita ce ke zagaye da maƙabarta da garka. Da rani sai ta kaɗe ganyenta tas, ta koma tsiraran rassa masu ruwan toka kamar ta mutu. Ruwan farko na sauka sai ka ga kore ya tofo a kan kowane reshe.

Abin da ya fi burge ni a wannan al'ada shi ne lokacin dashe. Kusan kowane dashe damina yake jira, amma aguwa da bazara ake dasa ta, ƙasa na ƙuna. Manomi zai sassaro rassa kamar kamu biyu-biyu, ya zube su a inuwa kwana kaɗan har bakin saran ya bushe, sannan ya haƙa ɗan rami ya jera su kusa da kusa, ya tattake ƙasa. Ba ban-ruwa, ba taki. Reshen da ruwan jikinsa yake rayuwa har ya yi saiwa, in kuwa aka soka ɗanyen sara a jiƙaƙƙiyar ƙasa ruɓewa yake yi. Na ga kawuna yana wannan aiki tsakar rana, farin nonon aguwa ya bushe ya yi baƙi a tafin hannunsa, yana ce mana kada wanda ya kuskura ya sosa ido.

Wannan nono shi ne sirrin dangin gaba ɗaya. Masana tsirrai suna kiran jinsin Euphorbia, sunan da masanin tsirrai Linnaeus ya tabbatar a 1753, wanda asalinsa sunan likitan Sarki Juba na Biyu ne na Arewacin Afirka. Ire-irensa sun kai wajen 2,000. Namu kuwa kowanne da sunansa da gurbinsa: ga nonon kurciya da ke fitowa a tsakar gida, ga fid-da-sartse wadda sunanta ya faɗi aikinta, ga ƙerana da mutanen tsaunukan Jos ke kewaye gida da gona da ita, ga kuma tinya, wadda maharba ke haɗa dafin kibiya da nononta. Kakanninmu da ƙarfin nono suka yi wa kowacce mazauni. Aguwa mai ɗan sauƙi ce, aka jawo ta kusa da mutane. Tinya kuwa ba mai hankalin da zai kafa ta inda yara ke wasa.

Wannan sanin ne ya ɓace a birni, kuma abin yana damuna. Mun rushe shinge mun yi katangar bulo, sannan muka je wurin masu sayar da fulawa a bakin titin Kano ko Kaduna muka sayo 'yar'uwar aguwa a tukunya. Ina nufin ƙaramar nan mai ƙaya da jajayen furanni, Euphorbia milii, 'yar asalin Madagaska. Kyau kam tana da shi, tana fure kusan duk shekara, zafin rana bai dame ta ba. Amma mai sayarwa ba ya cewa komai game da nononta, mai saye kuma ya ajiye ta a bakin ƙofar falo daidai tsayin yaro mai rarrafe. Ɗiyar maƙwabcinmu ta karya reshe ta shafa ido, kwana biyu ba ta iya buɗe shi. Abin yi a irin wannan hali shi ne a yi ta wanke idon da ruwa mai tsabta da yawa, a garzaya asibiti. Sannan ga yawan ban-ruwa safe da yamma da ake yi wa fulawar, wanda shi ke kashe ta.

Ni a ganina aguwa ta fi cancantar wuri a gidajenmu na yanzu. A unguwar da ake sayen ruwa jarka-jarka, shukar da ba ta neman ko ɗigo ai abin riƙewa ce hannu bibbiyu. A jera ta a wajen katanga ta tare rairayin da iska ke kwasowa, akuyar maƙwabta kuma ta shinshina ta wuce. Masu cewa ba ta da kyan gani da rani, ban yarda da su ba. Ku dube ta da yamma lokacin hunturu, rana ta yi ja a cikin hazo, rassanta sun yi cirko-cirko. Bazarar bana na roƙi kawuna ya aiko min da dami guda na rassanta a motar kasuwa, na jera su a bayan gidana a Kano.